Wasiƙar Godiya ga Shagon Kwamfutar da Ya Sabunta Mini Kayan Aiki

Zuwa ga Alhaji mai shago, da injiniyansa, da yaran shago baki ɗaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in rubuto wannan godiya a bainar jama'a domin 'yan uwana masu larurar gani a nan Kano su san inda za a saurare su idan kayan aikinsu sun tsufa. Ni malamin makaranta ne, makaho, kuma da kwamfuta nake shirya darasi da jarrabawa, da ita nake karanta duk wata takardar da ta shafi aikina.

Abin da ya kai ni wurinku shi ne kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali tsohuwar kwamfutata ba ta da guntun tsaron nan na TPM 2.0 wanda Windows 11 ke buƙata. Ban da haka, ta yi nauyi ƙwarai. Mai gani idan kwamfuta ta tsaya yana ganin alamar jira tana juyawa, ya san ana aiki. Ni kuwa muryar manhajar karanta allo ce kaɗai jagorata, saboda haka idan na danna madanni ta yi shiru, ba ni da hanyar sanin ko ta ji ni ko ta daskare, sai in sake dannawa, aiki ya ruɗe.

Babban abin da nake gode muku a kai shi ne yadda kuka ɗauke ni a matsayin mai kaya. Mun saba idan muka shiga shago sai a juya ga ɗan rakiya ana tambayarsa me muke so, kamar ba ma wurin. Injiniyanku ni ya fuskanta, ni ya tambaya irin aikin da nake yi da manhajojin da nake amfani da su, sannan ya jera mini kwamfutoci na hannu a kan tebur ya ce in shafa madannansu da kaina. Ya ɗora yatsana a kan 'yan tudun da ke kan F da J, ya nuna mini inda madannin Insert yake, domin shi ne mabuɗin yawancin umarnin NVDA, wato manhajar karanta allo da nake amfani da ita, kuma da na ce madannan kibiya na wata kwamfutar sun matse da juna har ba na bambance su, bai yi mini gardama ba, ya ajiye ta gefe. Ya kuma hana ni biyan kuɗin babban allo mai ƙyalli wanda ba zai amfane ni da komai ba, ya ce gara kuɗin ya tafi ga RAM mai gigabait 16, da ma'ajiyar SSD, da batir mai juriya saboda halin wutar lantarkinmu. Ɗan kasuwar da zai rage wa kansa riba don ya ba abokin ciniki shawarar gaskiya ya cancanci a yaba masa.

Akwai wasu gyare-gyare ƙanana waɗanda ba kowane mai gyara ne zai kula da su ba. Layin madannan sama, daga F1 zuwa F12, ya zo a saite don ƙara sauti da hasken allo, kuma gyaransa yana cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, wurin da babu manhajar da ke magana. Injiniya ya shiga ya gyara, yana faɗa mini kowane mataki da baki. Da muka lura muryar tana cinye farkon kalma, ya bi saitin sauti ya kashe abin da ke jawo hakan, ya sa na gwada da abin saurare na kunne har na gamsu. Da aka zo ɗora Windows kuwa, ya danna Control da Windows da Enter, Narrator, wato mai karanta allo da ke zuwa cikin Windows, ya fara magana, ya turo mini kwamfutar ya ce in zaɓi harshe in kuma sa kalmar sirrina da hannuna. Wannan ya faranta mini rai fiye da yadda zan iya bayyanawa, domin sirrin makaho yakan zama na kowa idan komai sai an yi masa.

Na ji daɗi kuma da ba ku ɗora mini manhajar sata ba. JAWS ta kamfanin Freedom Scientific manhajar karanta allo ce mai kyau, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu, shi ya sa wasu ke yawo da kwafin da aka fasa, wanda kan tsaya cak ranar da aka fi buƙatarsa. Ku kun sauko da NVDA daga shafin masu ita, wadda kyauta ce, kuma makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su ne suka gina ta, aikin da aka fara a 2006. Kafin ku taɓa tsohuwar kwamfutar kun kwafe mini saitina a filashi, har da ƙamus ɗin furuci da na daɗe ina tarawa domin muryar Turanci ta riƙa faɗin sunayen ɗalibaina yadda za a gane. Kun ƙara mini tsarin madannan Hausa da ke cikin Windows don in rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba, kuma yaronku ya zauna muka gwada karanta takardar da aka ɗauka a hoto ta hanyar danna madannin NVDA, wato Insert, da R. Da na tambayi na'urar da ke fito da rubutun Braille a ƙarƙashin yatsu, Alhaji ya gaya mini gaskiya cewa ba ku sayar da ita, kuma tsadarta ta ninka ta kwamfutar, ya ba ni shawarar in nemi tallafi ta ƙungiyarmu ta makafi.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba mu haƙƙi a rubuce, amma a wurare irin shagonku ne muke gane ko haƙƙin ya iso ƙasa. Ina da roƙo guda ɗaya, Alhaji: a ajiye filashi mai ɗauke da NVDA a shago, a kuma koya wa kowane yaro yadda ake kunna Narrator, domin na riga na ba ɗalibaina da abokan karatuna na makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki kwatancen wurinku, kuma na san za su zo.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya sanya albarka a kasuwa, Ya ƙara wa injiniya da yaransa basira.

Wassalam.

Naku mai godiya,
Malamin makaranta mai larurar gani,
Kano.