A Tuna da Masu Hasashen Yanayi na Talabijin ɗin Kaduna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana kan wasu ma'aikata da ba a cika ambatonsu ba. Duk lokacin da aka taso da tarihin talabijin a Arewa, sai a yi ta jero 'yan wasan kwaikwayo da masu karanta labarai, kuma sun cancanci haka. Amma mutumin da ke fitowa bayan labarai ya tsaya gaban taswirar Najeriya da 'yar sanda a hannu, shi ba wanda ke tuna shi.

Gwamnatin Sardauna ce ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, bayan Ibadan ta riga kowa a 1959. A 1977 aka kafa NTA, tashoshin talabijin suka koma ƙarƙashinta. Mu a Zariya, sai mai hali ke da akwatin, mai hoto fari da baƙi, a ɗaura eriya a kan doguwar gora a juya ta wajen Kaduna. Ni malamin gona ne a lokacin, ina zaune a Samaru, kuma a gidan wani maƙwabcina nake kallo. Yara kan watse da an gama wasan kwaikwayo. Ni da wasu dattawa biyu mukan zauna jiran mai sanda, wanda a unguwarmu ake kira Mai Hadari.

A wurinsa na ga an fayyace abin da na karanta a makaranta bai zauna min sosai ba. Yakan nuna wani layi da ya ratsa taswirar daga gabas zuwa yamma, inda iska mai laima daga tekun Atlantika ke karo da busasshiyar iskar Sahara. Layin nan yana hawowa arewa sannu a hankali tun daga bazara, ya kai ƙurewa a watan Agusta, sannan ya juya. Ruwa ba a kan layin yake zuba ba, can bayansa yake, ta kudu. Shi ya sa za ka ji gumi ya ishe ka a watan Afrilu, sama ta yi nauyi, amma ruwan shuka bai iso ba. Sau nawa na ga manomi a ƙauyukan Giwa ya zuba irinsa bayan ruwan farko, rana ta buɗe mako biyu, iri ya ƙone a ƙasa! Wanda ya ga farin 1973 ba ya wasa da wannan magana. Da hunturu kuma yakan kai sandar can wajen Chadi, ya ce ƙura ta taso, a sa ran hazo cikin kwana ɗaya ko biyu, direbobi su yi hattara.

Akwai masu cewa hasashen yanayi shiga gaibu ne. Ni dai ban taɓa ganin haka ba, domin na san inda lissafin yake fitowa. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922, akwai wani ɗan fili da aka kewaye da waya. A ciki akwai farin akwati mai tsaga-tsaga a kan ƙafafu, inda ma'aunin zafi yake, da mazurarin da ke tara ruwan sama. Kullum da safe ma'aikaci zai juye ruwan a kwalba mai zane, ya duba, ya rubuta a littafi. Da irin wannan haƙuri aka san cewa Zariya na samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, akasarinsa tsakanin Mayu da Oktoba. Awo ne da lura da abin da Allah ya saba gudanarwa, kamar yadda iyayenmu ke duban hadarin gabas su ce a kwashe shanya.

Yau hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, kuma jikokina na duba yanayi a wayarsu. Madalla da wannan. Sai dai waya ba ta tsayawa ta yi maka bayanin dalili, mutumin nan kuwa yana yi.

Abin da ke damuna shi ne, waɗanda suka yi aikin nan sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ina kira ga Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aikinsa ke nan adana tarihi, da sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello, su tura ɗalibai su nemo waɗanda suka rage. A tambaye su yadda rahoton ke isowa ɗakin shiri kafin zuwan intanet, wa ke zana taswirar, da yadda suke ji idan sun ce za a yi ruwa gari ya waye tangaran. A nemi tsofaffin faya-fayan da suka saura a juye su a kwamfuta. Ku ma, Malam Edita, ku ba wakilinku na Kaduna wannan aiki, kuma duk mai hoton ɗayansu a gida ya taimaka ya aiko muku.

Naku,
Tsohon malamin gona,
Samaru, Zariya