Godiya ga hukumar makarantun gwamnati ta Montgomery, daga wani uba

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙa zuwa ga hukumar makarantun gwamnati ta gundumar Montgomery da ke jihar Maryland a Amurka, wato MCPS, tun daga shugabanni har malamai, direbobi da masu dafa abinci. Da Hausa na rubuta saboda godiyar da ke cikina Turancina ba zai iya ɗaukarta ba, kuma ina so 'yan uwa su karanta, babbar 'yata ta ce za ta fassara muku, to ita ku kuka koya mata ai, in ta yi kuskure sai ku tuhumi kanku.

A 2015 iyalina suka iso daga Maraɗi, uwargida da yara biyu, ni na riga su zuwa. Yarinyar tana da shekara 8, Hausa take ji sai ɗan Faransancin lakwal, ko sannu ba ta iya faɗa da Turanci ba. Wallahi daren da za mu je ofishin rajistar yaran da suka zo daga ƙasashen waje a Rockville ban yi barcin kirki ba, ina ta lissafin nawa za a ce mu biya, wa na sani da zai tsaya mana, kun san dai yadda muka saba a gida sai da hanya. Muka je da takardar haihuwa, katin rigakafi da takardar hayar gida. Shi ke nan. Matar da ta karɓe mu da ta ga uwargida na ta kallon takardun kamar an ba kaza carbi sai ta tashi ta ɗauko mata na Faransanci, har yau ina tuna yadda fuskar uwargida ta sake. Ko sisi ba a tambaye mu ba, aka gwada Turancin yarinyar, aka ce unguwarku kaza makarantarku kaza, aji uku, kuma za ta riƙa zuwa wajen malamar ESOL, wato mai koya wa yaran baƙi Turanci.

Malamar nan Allah ya saka mata. Ta yanka 'yan katuna ta manna a jikin komai na ajin, ƙofa, taga, kujera, sai ta sa yarinyar ta faɗa mata sunansu da Hausa ita ma tana rubutawa a ƙasa. Ranar ganawar iyaye da malamai ina shiga sai ta nuna min kujera ta ce "kujera", da wata irin murya, na yi dariya har da hawaye. Kafin shekara ta zagayo yarinyar ce ke amsa mana waya in asibiti suka kira.

Ga wanda bai san tsarin ba, gundumar nan tana manne da birnin Washington, garuruwanta su Silver Spring, Rockville, Gaithersburg, Germantown, Bethesda, mutane da yawa nan suke kwana su shiga birni aiki. Hukuma ɗaya ce ke riƙe da makarantu sama da 200 da yara wajen 160,000, babu wadda ta kai ta girma a Maryland. Kasafinta na shekara ya haura dala biliyan 3, kuma ita ba ta karɓar haraji da kanta, majalisar gunduma ce ke ba da kaso mafi tsoka daga harajin gidaje da na albashi, jiha ta ƙara, gwamnatin tarayya ta ɗan taɓa. Wato dai kuɗinmu ne, ni ma da nake tuƙi dare da rana akwai gumina a ciki, bambancin kawai ina ganin inda ya shiga. Masu kula da hukumar mutum bakwai ne da jama'a ke zaɓa, sai na takwas ɗalibi, eh ɗalibi, yaran sakandare ne ke jefa masa ƙuri'a kuma yana zaune a teburin da manya yana kaɗa tasa ƙuri'ar. Ranar da 'yata ta dawo ta ce Baba yau mun yi zaɓe na ɗauka wasa take.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa tarihinku ne, kuma ba a littafi na fara jinsa ba, wani dattijo baƙar fata na ɗauko a mota muka bi ta gaban ginin Carver a Rockville, wanda ya daɗe yana matsayin babban ofishinku, sai ya ce min ka san nan makarantar sakandaren baƙaƙe ce a da? Na koma gida muka bincika da yarinyar. An kafa makarantun gundumar a 1860 amma na farare ne kaɗai, sai 1872 aka fara na baƙaƙe, su ma a ware. A 1936 wani malami baƙar fata, William Gibbs, ya kai hukumar nan kotu saboda albashinsa kusan rabin na farare ne, lauyansa Thurgood Marshall wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko a alƙalan kotun ƙoli, aka sasanta aka daidaita albashin amma shi Gibbs daga baya ya rasa aikinsa. Kotun ƙoli ta haramta wariyar makarantu a 1954, nan gundumar sai 1961 aka gama haɗe yaran. Yanzu akwai firamare a Germantown da sunan Gibbs ɗin. Na jinjina muku da ba ku binne wannan labarin ba, ba kowa ke sa wa makaranta sunan wanda ya maka shi a kotu ba. Da a 1950 na zo da 'yata da wannan fatar tata, ƙofar da aka buɗe mana da murmushi ba za mu ko leƙa ta ba.

Sai maganar Sallah. Shekararmu ta farko babbar Sallah ta faɗo ranar karatu, muka yi ta ja da uwargida, ita ta ce a je idi ni na ce yarinya sabuwar zuwa kar ta rasa darasi, ƙarshe dai uwargida ta yi nasara kamar kullum. Ashe Musulmin gundumar sun yi shekaru suna zuwa zaman hukumar suna roƙo cikin lalama, kuma kun saurara, ranar 12 ga Satumban 2016 da ta dace da Sallar layya aka mayar da ita ranar aikin malamai, yara suka zauna gida. Mun je idi mu huɗu, ba wanda ke duba agogo. Da azumi kuma malamar ajin da kanta ta ce in an fita cin abinci yarinyar ta tafi laburare ta zauna, ban roƙa ba, ita ta kawo maganar.

Ƙananan abubuwan ma ban manta ba, motar makaranta mai ruwan ɗorawa da in ta tsaya ta fito da alamarta duk motocin titi sai sun tsaya cak, saƙon asuba da kuke turowa in dusar ƙanƙara ta yi yawa cewa an rufe ko an ɗaga awa biyu, abincin rana kyauta da muka samu lokacin da aljihu ya yi sanyi ba tare da an kunyata yaran ba, da kwamfutar da kuka ba kowane yaro lokacin korona. Su awa 75 na aikin sa kai da dole yaro ya cika kafin ya gama sakandare da farko na yi ta mita, wai ni zan riƙa kai ta ina ɗauko ta, amma a wajen rabon abinci ga mabuƙata ta yi nata kuma can ta fara cewa aikin jinya take so.

A 2025 ta gama aji 12. Da aka kira sunanta uwargida ta saki guɗa irin ta Maraɗi a tsakiyar zauren, Turawan da ke gabanmu suka juyo a firgice, sai kuma suka hau tafi. Yanzu tana Montgomery College, ƙaninta yana sakandare, autarmu kuma da aka haifa nan tana firamare.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara muku haƙuri da yaranmu. Ga direbar motar unguwarmu kuma da ke jiran autata minti ɗaya duk ranar da ta makara wajen neman takalmi, uwargida ta ce dambun namanki na nan tafe ranar Litinin.

Naku,
Wani uba daga Gaithersburg