A ceto tsofaffin taswirorin tsaunukan Gashaka da Mambila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin Ofishin Babban Safiyo na Tarayya da hukumar gandun dajin Gashaka-Gumti kan tsofaffin taswirorin wannan yanki. Takarda ce, gara da laima ba sa raga mata.

Tun yankin yana hannun Jamus, kafin yaƙin 1914, mai zanen taswira Max Moisel ya fitar da taswirar Kamaru mai ma'aunin 1:300,000, inda ya dogara da bayanan hafsoshin da suka ratsa dajin a ƙafa da kamfas. Wannan taswira ce Ingila da Faransa suka duba a 1919 da suka raba ƙasar, kuma takardun iyakar zamanin ne Kotun Duniya ta fassara a hukuncinta na 2002 kan iyakar Nijeriya da Kamaru.

Daga baya aka koma hoton jirgin sama, aka zana masu ma'aunin 1:50,000, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Kowane hoto yana hawa kan na kusa da shi da wajen kashi 60 cikin ɗari, don idan an haɗa biyu a na'ura tudu da kwari su fito. A nan gizo ke saƙa. A kurmi mai duhu, mai zane ba ya ganin ƙasa sai kan bishiyoyi, don haka layin da ke nuna tsayin ƙasa yakan hau sama da gaskiya, ƙaramin rafi kuwa ya ɓace ɗungurungum. Inda gajimare ya rufe dutse, sai kintace.

Mai amfani da su yau ya kula. Ya duba gefen takarda: idan tsayin da ƙafa aka rubuta, ya ninka da 0.3048 don ya samu mita. Misali, dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419 ya kusa ƙafa 7,940. Sannan a kan tushen awo na Minna, wato tsarin da ake lissafa matsayin wuri da shi, aka gina taswirorin Nijeriya, GPS kuma da wani tushen awo mai suna WGS84 yake zuwa. Idan ba a sauya ba, kuskuren yakan kai gomman mitoci, wanda a bakin gangare ba wasa ba ne. Karkatar allurar kamfas da aka buga a gefe ma ta tsufa.

A ɗauki hoton kowane shafi a shimfiɗe, ba a naɗe ba, a daidaita shi a kwamfuta da kusurwoyinsa huɗu, tunda takarda na tsukewa. A ajiye kwafi a Serti, hedikwatar gandun dajin, inda masu gadin daji za su same shi.

Naku,
Wasu masu aikin safiyo, Jalingo