Zuwa ga Edita: A Gyara Hanyar Naɗa Mambobin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da ta sake duba dokar Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, musamman sashen da ya shafi waɗanda ke zama a majalisar gudanarwarta da kuma hanyar da ake bi wajen naɗa su.

Wannan hukuma, wadda ofishinta ke Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, nauyin da ke kanta ba ƙarami ba ne. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye su, kuma irin wannan karramawa tana zuwa ne da alkawarin cewa za a ci gaba da kula da abin. Ga ganuwar birni da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda gine-gine da ruwan sama suka cinye mafi yawanta. Ga kuma karofin Ƙofar Mata, inda duk wanda ya leƙa zai tarar da ramukan rini da dama a bushe, ƙalilan ne ake zuba musu baba da toka, masu tsoma zane a cikinsu kuma yawancinsu furfura ta kama su. Aikin raya waɗannan abubuwa aiki ne na shekaru masu yawa, ya fi ƙarfin zangon mulki guda.

Amma abin da aka saba gani shi ne, da zarar an yi sabuwar gwamnati sai a rushe majalisun gudanarwar hukumomi baki ɗaya, a zauna watanni babu kowa, sa'an nan a ji jerin sunaye a rediyo. Ba jam'iyya ɗaya nake zargi da wannan ba, domin kowace gwamnati ta gada ne ta kuma bar wa ta bayanta. Illarsa ita ce, kujerar da ya kamata marini ko baduku ko masanin tarihi ya zauna a kai takan zama ladan wahalar yaƙin neman zaɓe, kuma wanda ya san za a iya sauke shi gobe da sanarwa guda ba zai taɓa buɗe baki ya ce a dakatar da ginin da ake yi a kan ganuwa ba.

Shawarata ita ce doka ta raba kujerun. Gwamna ya ci gaba da naɗa shugaba da wakilan ma'aikatun da abin ya shafa, tun da gwamnati ce ke ba da kuɗin, amma aƙalla rabin kujerun su zama na masu sana'ar, su ne za su miƙa sunaye uku-uku a zaɓi ɗaya daga ciki. Marubuta suna da reshen ƙungiyar ANA a Kano, 'yan fim suna da MOPPAN, Jami'ar Bayero tana da sassan tarihi da na harsunan Najeriya, masarauta kuma tana da sarakunan sana'a irin su Sarkin Maƙera, waɗanda suka san mutanensu gida-gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Marini ne kaɗai zai iya bayyana wa hukuma dalilin da ya sa 'ya'yansa suka gwammace tuƙa A Daidaita Sahu a kan gadon gidansu, da kuma yadda atamfa da shadda masu araha daga waje suka karya farashin zanen da ya kwana uku yana tsomawa yana shanyawa.

Haka nan ya kamata doka ta tanadi kujerun mata, domin su ne ke riƙe da saƙa da kitso da waƙoƙin biki, su ne kuma suka fi yawa cikin marubutan ƙagaggun labarai na wannan zamani. A kuma tuna cewa Kano ƙananan hukumomi 44 ce, don haka kada wakilci ya tsaya a cikin birni, a manta da marinan Kura da mutanen Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi.

Na san za a ce ƙungiyoyin nan su ma suna fama da rikicin shugabanci, wasu ma sun dare gida biyu. Gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce su miƙa sunaye kawai, a buga su a jarida a karanta a rediyo, a ba jama'a lokaci su kawo ƙorafi, sannan kwamitin majalisa ya tantance su a bainar jama'a kamar yadda ake yi wa kwamishinoni. Ƙungiyar da ta kasa haɗa kanta ta kawo suna a kan lokaci, sai kujerarta ta koma ga wata.

Abin da ya fi damuna shi ne wa'adi. A sanya shi shekara huɗu, sau biyu kawai, amma a jera shi yadda rabin mambobi za su sauka a tsakiyar zangon gwamna, ta yadda kowace sabuwar gwamnati za ta tarar da waɗanda suka san inda aka tsaya. Kada kuma a sauke mamba sai da dalili rubutacce, kamar rashin halartar zama ko cin amana, bayan an ba shi damar kare kansa.

Ina roƙon Mai Girma Shugaban Majalisa da kwamitin da ke kula da al'adu su kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan gyara, su kuma aika takardar gayyata har karofi da maƙera da majema, a gudanar da zaman da Hausa domin masu sana'ar su yi magana da bakinsu.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Birnin Kano.