Ina Muka Kai Ma'anar Albarka a Cikin Ikilisiya?

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu yin sujada da harshen Hausa, a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san akasarin masu karanta jaridar nan Musulmi ne, amma ina kyautata zaton su ma ba za su rasa abin tsinta a cikin zancen ba, tun da kalmar da ta sa na ɗauki alƙalami, wato albarka, tamu ce duka, kuma kowannenmu da ita iyayensa suka yi masa addu'a.

Ni tsohon malamin firamare ne, kuma dattijo a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Zazzau, na kuwa shafe fiye da shekara 50 ina zama a kan bencin majami'a. Abin da na lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne, ma'anar albarka ta ƙanƙance a bakinmu har ta kusa komawa sunan kuɗi. Duk wanda yake so ya tabbatar da haka, sai ya kasa kunne a lokacin ba da shaida ranar Lahadi. Wannan zai tashi ya gode wa Allah domin ya sayi mota, wancan domin an ba shi kwangila, wata kuma domin ɗanta ya sami bizar tafiya Ingila, jama'a su yi ta tafi da guɗa. Ban ga laifin godiya a kan waɗannan abubuwa ba, gama daga hannun Allah suke. Abin da ya dame ni shi ne na manta rabon da in ji wani ya miƙe ya ce yana godiya domin Allah ya ba shi ikon yafe wa ɗan'uwansa da suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda gadon gona, ko domin ya rabu da kwalba, ko domin ya mayar da kuɗin da ya ci na wani. A zamanin ƙuruciyata irin wannan shaida ita ce ke sa majami'a ta yi tsit, tsofaffi suna share hawaye.

Abin mamakin shi ne harshenmu kansa ya fi mu fahimtar lamarin. Bahaushe bai taɓa haɗa yawa da albarka ya ce abu ɗaya ne ba. Yakan dubi dukiya mai tarin yawa ya ce ba ta da albarka, ya kuma dubi ɗan tuwon da ya ƙosar da gida da baƙi ya ce an sa masa albarka. Idan ya ce wane ɗan albarka ne, ba aljihunsa yake nufi ba, halinsa yake nufi, da yadda yake riƙon iyayensa da maƙwabtansa. Manomi kuma idan ya ce gona ta yi albarka, ya san sai da aka yi sharar gona, aka yi shuka, aka yi noman fari da maimai, aka jira damina ta cika, kafin a kai dami rumbu.

Littafi Mai Tsarki ma a kan wannan turba yake. A farkon wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, manzo Bulus ya yabi Allah domin ya sa mana kowace albarka ta ruhu a cikin Almasihu, sa'an nan bai bar mu muna cankar ma'anarta ba, ya jera su: zaɓen da Allah ya yi mana domin mu zama tsarkaka, da mayar da mu 'ya'yansa, da fansa, da gafarar zunubai, da hatimin Ruhu Mai Tsarki. Ya kamata mu tuna cewa mutumin da ya rubuta waɗannan kalmomi ɗaurarre ne, shi da kansa ya faɗi haka a cikin wasiƙar. Da a ce Bulus zai shigo wasu majami'unmu na yau da sarƙa a hannu, babu gida babu abin hawa, ina tsoron za a ja shi gefe a ce masa akwai la'anar da ke bin gidansu, ya kawo abin da za a karya ta da shi. A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura 5, ya lissafa abin da Ruhu yake haifarwa a rayuwar mai bi, wato ƙauna, da farin ciki, da salama, da haƙuri, da kirki, da nagarta, da aminci, da tawali'u, da kamunkai. Guda tara ne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ake ajiyewa a banki.

Kada a ɗauka ina wa'azin talauci ne. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka, Lidiya kuwa 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada, kuma a gidanta masu bi suka riƙa taruwa a Filibi. Ubangiji da kansa ya koya mana mu roƙi abincin yini. Na kuma san halin da ake ciki, na san abin da mudun masara ya kai a kasuwa, na san uban da ke kwana yana juyi saboda kuɗin makaranta. Wanda yunwa ta kora wurin mai alkawarin buɗi cikin kwana bakwai, ba shi nake zargi ba. Zargina yana kan mai yin alkawarin.

Bari in ba da labarin abin da na gani da idona, ba tare da na kama sunan kowa ba. Akwai wata gwauruwa a unguwarmu, mai 'ya'ya huɗu, wadda sana'arta suyar ƙosai. An gayyace ta wani taron falkaswa da wani baƙon mai wa'azi ya shirya, ni ma na je domin in ji da kunnena. Bayan waƙe-waƙe masu daɗi, sai mai wa'azin ya ce masu son buɗi su fito su shuka iri, ya fara kira daga naira 50,000, yana saukowa har ya kai 5,000, kowane rukuni da irin addu'ar da ake yi masa, da ƙaramar kwalbar man shafewa. Matar nan ta koma gida ta sayar da akuyarta guda ɗaya tilo, ta kai kuɗin. Wata uku suka wuce babu abin da ya sauya, baƙon kuma ya tattara ya yi gaba. Asarar akuyar ba ta yi mini zafi ba kamar abin da ta faɗa wa matata, cewa ta gane Allah ba ya sonta ne, tun da wasu sun shuka sun girbe, ita kuwa nata irin ya ruɓe. Ta daina zuwa sujada har tsawon watanni. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, su ne suka yi ta sintiri gidanta, suna zama da ita suna karanta mata Zabura, daga baya suka haɗa taro da sisi suka saya mata 'yar akuya. Ban san wani abin da ya fi wannan kama da albarkar Ruhu ba a duk abin da na gani a waccan shekara. Labarin Siman mai sihiri yana nan a Ayyukan Manzanni sura 8, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, kuma duk mai karatu ya san irin tsawar da Bitrus ya daka masa. Yesu kuwa ya yabi gwauruwar da ta zuba anini biyu a baitulmalin Haikali, amma a cikin sura guda ɗin, wato Markus 12, ya tsananta magana a kan malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i. Mun iya karanta kashi na farko a ranar baiko, na biyun kuwa sai mu tsallake.

Ikilisiyar da muka gada ba a kan ciniki aka kafa ta ba. Samari uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan, biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, ciwo ya kashe su a shekarar da ta biyo baya, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, ba su ga ko mutum guda da ya tuba ta hannunsu ba. Daga aikin da na ukunsu, Rowland Bingham, ya ci gaba da shi ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A Garkida kuwa, a ƙarƙashin bishiyar tsamiya aka yi sujada ta farko a watan Maris na 1923, wadda ta zama tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Likita Mila, wani Baturen mishan, da abokan aikinsa sun share shekaru suna fama da fassara kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kuma majami'ar ƙasa da aka gina a Wusasa tana nan har yau ga mai son ya gani. Ba na cewa Turawan mishan mala'iku ne, suna da nasu kurakuran, wasu ma manya. Kuma gaskiyar magana ita ce, mafi yawan aikin 'yan ƙasa ne suka yi shi, masu bishara da ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, waɗanda suka yi ta tafiya a ƙasa ko a kan keke, suna noma da safe suna koyar da karatu da yamma.

Wannan karatu shi ne ƙashin bayan ibadarsu. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga aji ba, amma a ajin baftisma ta koyi haɗa baƙi, domin kawai ta iya karanta Bishara da kanta. Kafin gari ya waye mahaifinmu yakan tashe mu, a kunna fitilar ƙwai, a rera waƙa guda, a karanta aya, kowa ya yi addu'a daga babba har auta, kana a kama hanyar gona. Da dare ma haka. Ba mu da lasifika, ba mu da janareta, kayan kiɗan mata tulu ne da ganga da caki, amma mutanen nan sun san Littafinsu, kuma da wuya wani baƙo ya zo ya yi musu rufa-ido da aya guda da ya tsinko daga tsakiyar sura. Yau gidaje nawa ne a cikinmu ake yin sujadar iyali? Taron addu'a na tsakiyar mako ya koma na tsofaffi biyar ko shida, amma ranar da aka ce an kawo mai annabci, sai an ƙaro kujeru daga maƙwabta. Yaranmu da yawa ba su iya karanta Hausa ba, Turancin ma bai zauna ba, ga shi an fara kallon sujadar Hausa kamar ta talakawa da waɗanda ba su yi boko ba. Wanda bai iya buɗe Littafi ya duba da kansa ba, duk abin da aka faɗa masa daga kan bagade shi zai haɗiye.

Akwai kuma tambayar da nake so masu auna albarka da dukiya su amsa mini. A shekarar 2014 'yan'uwanmu na EYN sun ga abin da ido ba ya son gani. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a watan Afrilu 'ya'yansu ne, a watan Oktoba kuma aka mamaye hedikwatarsu da ke Kwarhi, jama'a suka watse cikin duwatsu, wasu har Kamaru, tare da maƙwabtansu Musulmi da bala'in bai ƙyale ba. Shin waɗannan mutane rashin shuka iri ne ya jawo musu? A watan Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika, wani faston EYN, bayan an sace shi, amma duk wanda ya ga faifan da aka ɗauke shi yana tsare ya ga mutum mai natsuwa, yana cewa bai karaya ba domin kome yana hannun Allah. Wannan natsuwa ba a daren da aka kama shi ya same ta ba, shekaru ya yi yana tara ta a durƙushe. Ikilisiyar da aka ƙone mata majami'u masu yawa, amma shugabanninta suka ci gaba da hana ramuwar gayya, tana da wata dukiya da ya kamata mu masu zaman lafiya mu je mu tambayi yadda ake samunta.

Mu dattawa ma muna da namu kason laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Mun bar fastoci da masu bishara na ƙauye suna wata da watanni babu albashin kirki, muna kuwa tara kuɗin tayil da gilashi. Wanda aka bari da yunwa, ga iyali, ga takwaransa na birni yana hawan babbar mota, ba abin mamaki ba ne idan ya fara sauya salon wa'azi. Mu ne kuma muke ajiye kujerar gaba domin mai hannu da shuni, muna kiran sunansa da adadin abin da ya bayar a ranar godiyar kaka, alhali wasiƙar Yakubu sura 2 ta hana wannan ƙarara, Matiyu sura 6 kuma ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi.

Roƙona ga majalisun dattawa shi ne a daina kiran adadin baikon mutum a bainar jama'a, a binciki duk baƙon mai wa'azi kafin a miƙa masa bagade, a kuma farfaɗo da ajin karatun Hausa ko da sau ɗaya ne a mako, domin manya da yara. Fastoci kuma su riƙa bin littafi guda sura bayan sura har ƙarshe, yadda ba za a tsallake wuraren da ke da ɗaci ba. A ikilisiyarmu mun fara gwada ajin karatun bayan sujadar Lahadi, mutum 11 ne suka fara, bakwai daga cikinsu mata ne, har da gwauruwar nan mai ƙosai, wadda yanzu take iya karanta Zabura 23 da kanta, ko da yake a hankali take bi tana nuni da yatsa.

Idan akwai fasto ko mai wa'azi da yake ganin na karkata, ko na yi wa wata aya gurguwar fahimta, ina roƙon Edita ya ba shi fili kamar yadda ya ba ni, ya kawo sura da aya, zan karanta da zuciya ɗaya.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
daga ƙasar Zazzau, Jihar Kaduna.