Zuwa ga mai tambayar amfanin sensa bayan ana yi wa inji sabis a kan kari

Assalamu alaikum Malam,

Tunda a gaban jama'a ka jefo min tambayar, bari ni ma in amsa a fili. Cewa ka yi ku duk wata uku kuna tsayar da injinan masana'antarku a yi sabis, a canja mai a sa giris, to me zai sa kuma a kashe kuɗi kan sensa, wato na'urorin auna jijjiga da zafi, ko dai hanyar ci ce kawai ta masu sayar da su?

Ta wani gefen kana da gaskiya, akwai masu tallan da in ka sake musu har fankar ofis sai sun liƙa wa sensa. Amma fa kalanda ba ta san halin da boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke riƙe ƙarfen da ke juyawa a inji, yake ciki ba. Tun 1978 wasu injiniyoyin United Airlines, Nowlan da Heap, suka fitar da rahoto kan kayan jirgin sama, suka gano kusan kashi 89 cikin 100 lalacewarsu ba ta bin tsufa, wato sa musu ranar canji ba ya hana su mutuwa. Kuma kai ma ka sani sau da yawa inji lafiyarsa lau sai an kwance shi an mayar sannan matsala ta fara, ko an cika giris ya yi yawa boris ya ɗau zafi, ko an ɗaure shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, bai zauna daidai da ɗan'uwansa ba.

Shi boris ba ya mutuwa farat ɗaya. Ɗan tabo ne ke fara fitowa a inda ƙwallayen ke gudu, duk wucewar ƙwallo sai ya ɗan buga, kunne ba ya ji amma na'urar auna jijjiga tana kamawa tun da sauran makonni ko ma watanni, daga baya ka fara ganin garin ƙarfe a cikin mai in an kai gwaji, sai ƙara, sai zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, lokacin da aka ji ƙauri kam ai magana ta ƙare. Tsohon makaniken da ke kafa sukundireba a jikin inji ya kara kunne, wallahi ina girmama shi, sai dai a makare yake jin abin, kuma abin da ya ji a kansa yake, ranar da bai zo aiki ba shike nan. Ga kansa dab da abin da ke juyawa.

Awo ɗaya kuma ba ya gaya maka komai sosai. A sa alamar fenti a inda ake ɗora na'urar, kullum nan za a auna, inji na ɗauke da lodinsa na yau da kullum, a rubuta. Famfon da jijjigarsa ta saba nuna milimita 2 a sakan ya koma 3 ya koma 5, hawan nan shi ne labarin. Haka zafin kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injin lantarki, ƙa'idar masu lantarki ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanan rufin wayar.

Inda na fi so ka tsaya shi ne rayukan ma'aikata. Ranar 17 ga Agusta 2009, a tashar lantarki mai aiki da ruwa ta Sayano-Shushenskaya a Rasha, tabain mai lamba 2, wato injin da ruwa ke juyawa don samar da wuta, ya ɓalle daga mazauninsa, ruwa ya cika ɗakin injina, mutum 75 suka mutu. Ba wai ba a auna ba fa, jijjigar ta daɗe da wuce iyaka, kusoshin da suka riƙe murfin tabain ɗin sun tsattsage, amma aka ci gaba da aiki da shi. To ka ga sensa ba ta tsayar da inji in babu wanda aka ba ikon tsayarwa.

Ko ba a kai ga irin wannan ba, gyaran da aka shirya da rana ana kashe wuta a sa kwaɗo a kan suwic, makulli na aljihun mai gyaran. Wanda ya zo bagatatan cikin dare kuwa, oga na waya ana ta a yi sauri, nan ne ake cire murfin kariya wani ya zura hannu wani ya kunna bai sani ba.

Don haka ba sai ka sayi komai da komai ba. Zaɓi injinan da in sun tsaya duk aiki ya tsaya, da waɗanda in sun fashe za su ji wa mutum, ka fara da na'urar hannu da littafi. Sannan ka rubuta lambar da in an kai ta dole a kashe inji, ka sa hannu da kanka a manna a jikinsa, yadda opareta na aikin dare zai danna ba tare da tsoron a yanke masa albashi ba.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a harkar gyaran injina