Zuwa ga Baban da ya tambaya: Me ya sa asibitin da aka gina don Allah yake karɓar kuɗi?

Baba, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. A shirin lafiya na rediyo nan Jos ka bugo waya da tambayar da lokaci bai bari a amsa ta da kyau ba. Cewa ka yi, tunda asibitocin coci da na masallaci don Allah aka gina su, me ya sa yau sai an yanki kati an ba da kafin alƙalami sannan a kwantar da mutum, alhali a ƙuruciyarka kusan kyauta ake yi? Mu ma'aikatan lafiya muka ga ya dace mu amsa maka a rubuce.

Abin da ka tuna gaskiya ne, Baba. Sai dai arahar nan akwai masu biyanta, ba ka dai ganinsu ne a bakin tagar karɓar kuɗi.

Mishan ɗin SUM ne ya kafa asibitin Vom a 1922, yau yana hannun cocin COCIN. Sistocin Katolika suka buɗe asibitin OLA a 1943. Mishan ɗin SIM kuma ya buɗe asibitin Evangel a 1959, wanda kowa ya fi sani da Jankwano saboda jan kwanon rufinsa, yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham ta cocin ECWA. A kan duwatsun murhu uku tukunyarsu take zaune a lokacin. Likitoci da nas-nas ɗin mishan, cocinsu na gida ke ɗauke da su, asibiti ba ya biyansu albashi. Magani da kayan aiki da yawa kyauta suke zuwa daga waje. Gwamnati ma tana ba da tallafi. Daga shekarun 1970 aka riƙa miƙa ayyukan ga cocin gida, 'yan mishan suka yi ta raguwa, tallafi ya janye. Bayan 1986 naira ta karye, maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Da duwatsun suka zame, kan mara lafiya tukunyar ta dawo. Neman mafita ne ya sa tun a 1973 asibitocin suka haɗu a CHAN, ƙungiyar asibitocin Kirista ta ƙasa, daga baya ta buɗe sashen sayo magani a dunƙule nan Jos don a samu mai inganci da rangwame.

Ba mu so a manta da abin da aka biya da rai. A 1969 aka kawo nas Laura Wine daga garin Lassa zuwa asibitin mishan na Jos da zazzaɓin da ba a san shi ba. Ta rasu, Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu, nas Penny Pinneo ta kamu ta tsira. A farkon 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa don gano cutar, ta kamu, ta rasu. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa. Har yau kuma sashen yoyon fitsari na Jankwano na yi wa mata tiyata, da yawansu Musulmi daga nesa, wasu mazansu sun riga sun guje su. Musulmin Jos ma ba su zauna ba, ga asibitin Sunnah na Izala, ga 'yan agaji da ke ɗaukar marasa lafiya. Bayan rikicin 2001 da na 2008 gari ya rabu unguwa-unguwa, mace mai naƙuda da tsakar dare inda za ta isa lafiya take nufa. A irin wannan dare ake sanin darajar asibitin da jama'a suka gina da hannunsu.

To ina kuɗin naka yake zuwa? Ɗauki haihuwa ta tiyata guda ɗaya. Ana bukatar likita, mai ba da maganin barci, unguwarzoma, nas, da mai gwajin jini, duk a farke. Ana bukatar iskar oksijin, ruwan ƙari, zaren ɗinki, da kayan da aka dafa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. Kowace ledar jini sai an gwada ta kan ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu da tunjere, a ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 6, kuma bayan kamar kwana 35 ta tashi aiki ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. In aka ɗauke wuta janareta zai tashi, shi kuwa mai gidan mai ba ya sayar da dizal don Allah. Ma'aikacin da aka yi wata biyu ba a biya ba, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, zai nema ko ya bar ƙasar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne asusun magani mai juyawa, tsarin da ya bazu bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987. Ana zuba jari, a sayo magani, a sayar da 'yar riba, a sake sayowa. A ce jarin naira miliyan 10 ne. Fasto ya aiko da takarda a taimaki wannan, liman ya aiko a taimaki wancan, ɗan kwamiti ya kawo surukarsa, duk da kyakkyawar niyya. In kowane zagaye kashi ɗaya cikin goma ya tafi ba a mayar ba, kafin zagaye na bakwai ya ƙare jarin bai kai rabi ba, ga farashi na hawa. Sai a wayi gari ɗakin magani babu komai, ana rubuta wa talaka takarda ya je kemis ya saya da tsada, wataƙila ma jabu. Tausayin da ba a rubuta shi a littafi ba ya rufe ɗakunan magani da dama.

Amma akwai inda muke bayanka ɗari bisa ɗari. Mai zubar da jini, mai jijjiga wajen haihuwa, wanda aka kwaso daga haɗarin mota, babu hujjar tsayar da shi a bakin taga. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin duba mai larurar gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibitin da ke ɗauke da sunan addini ya fi kowa cancantar jin kunya in ya saɓa wannan.

Gyaran yana hannun masu asibitin, wato jama'ar coci da ta masallaci. Mun fi son gini, saboda ana ganinsa ana yanka kintinkiri, alhali albashi da dizal ne ke kashe asibiti. A ware asusun marasa galihu daban da na magani. Duk wanda aka yafe wa, a ciro kuɗinsa daga can a mayar wa ɗakin magani a cikin watan, ma'aikacin jin daɗin jama'a ya tantance, mutum biyu su sa hannu, a karanta lissafi a gaban jama'a duk shekara. Baikon ranar Lahadi ɗaya a shekara ko tarin Juma'a ɗaya ba zai riƙe shi ba, sai da abin da ke kawo kuɗi kullum. Magabata sun san haka. Da Sarki Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a Alƙahira a 1284, waƙafin dukiya ya haɗa masa da shi don a ci gaba da jinyar mutane. Shaguna goma da aka yi waƙafinsu ko gidan haya da coci ta keɓe sun fi sabon bene amfani ga mai naƙuda.

Kai kuma Baba, ka sa yaranka su yi wa iyali rajistar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, su tambaya ko asibitin da kuke zuwa yana cikin tsarin. Ranar da hali ya gaza, kada a tsaya jayayya da mai karɓar kuɗi, ba shi da ikon yafewa. A nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya ko babbar nas mai kula da sashen, a tambaya ko akwai asusun taimako ko damar biya kaɗan-kaɗan.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiya a Jos